Ranar da Baba Ya Kai Ni Kebbe

Mahaifina mahauci ne a kasuwar Tambuwal, amma ba nama ya sa aka san shi ba. Ɗan dambe ne. Kafin a haife ni ya riga ya zubar da mazaje a fagage da yawa, har ana ambatonsa a rediyo. Direbobin bas na hanyar Sakkwato in sun hango shi sai su rage gudu su ɗaga masa hannu. Ni kuwa na ɗauko jikin mahaifiyata, siriri, ga sanyin hali.

Tun ina aji uku a firamare yara suka gano hanya mai sauƙi ta yin suna, wato su kayar da ni. Ba sai na yi wa kowa laifi ba. Ana tashi tara za a kewaye ni a bayan aji, wani ya tuɓe riga, washegari gari ya ɗauka cewa wane ya kayar da ɗan wane. Ranar da na fara komawa gida da leɓe a fashe, Baba yana wasa wuƙa a zaure.

"Wa ya buge ka?" in ji shi.

Na faɗa masa.

"Kai mi ka yi mai?"

"Ban yi komi ba, Baba."

Ya ajiye wuƙar a hankali, ya ƙara mini wani marin a kan ciwon. Daga ranar ya rataya buhun yashi a tsakar gida. Kullum da la'asar sai ya naɗa mini zare a hannun dama, in yi ta dukan buhun har yatsuna su ƙi miƙewa. Shekara da shekaru muna haka, ban ƙara komai ba sai tsoronsa.

Ina ɗan shekara goma sha shida, bayan an gama kaka, ya ce in shirya in raka shi Kebbe, ana dambe. A lokacin shi ya daina shiga fage, kallo kawai yake zuwa, ana girmama shi. Na yi murna ƙwarai, don bai taɓa zuwa ko'ina da ni ba. Na sa rigar Sallata. Ya goya ni a babur, hanya duk ramuka, ina riƙe da kafaɗunsa. A wani ƙauye ya tsaya ya saya mini rake, shi da kansa ya fere mini. Har yau ina tuna daɗin raken nan, kuma ina jin haushin kaina da nake tunawa.

Muna isa fage masu kalangu suka juya kiɗa zuwa takensa. Mutane suka dare, ana ta kirari. An yi wasa biyu ko uku, sai ya juyo ya ce, "Tuɓe riga."

Na zaci ban ji daidai ba. Sai ga zare ya fito daga aljihunsa. Ashe tun daga gida ya shirya abinsa.

Wanda aka haɗa ni da shi wani saurayi ne, mahaucin Kebbe, ya ba ni shekara huɗu ko biyar, wuyansa kamar na bijimi. Ya dube ni, ya je ya durƙusa gaban Baba.

"Baba, wanga yaro na. Ba sa'ana ba ne."

"Jinina na," in ji Baba, da ƙarfi don kowa ya ji. "In ka raga mai, ni ka zaga."

Turmin farko gudu na yi ta yi ina kewaya fage, jama'a na dariya. Saurayin yana bina yana kai duka sama-sama, da gangan yake kuskure, kowa ya gane. A turmi na biyu Baba ya miƙe tsaye ya kira shi matsoraci, ya haɗa da ubansa. Na ga idon saurayin ya canza. Dukan ya same ni a kunnen hagu. Ban ji faɗuwata ba. Na dai farfaɗo da ƙasa a bakina, wandona a jiƙe da fitsari, yara suna nuna wurin suna ihu.

Ina kwance ina kallo Baba ya shiga fage, ya tsallake ƙafafuna, ya ɗaga hannun saurayin sama. Ya cire hularsa ya ɗora masa. Da aka watse ya hau babur ya tafi, bai neme ni ba.

Saurayin da ya buge ni shi ya ɗauke ni ya kai ni gidan kawunsa, wani malami. Kwana biyu na yi a can, jini da ruwa na fita daga kunnena, kafin a sa ni a motar masu fatu zuwa Tambuwal. Inna, mahaifiyata, ta kai ni asibiti. Aka ce dodon kunnen ya fashe, an makara. Ban taɓa jin ta ɗaga wa Baba murya ba sai ranar.

"Malam, ka kashe wa yaron ga kunne!"

Yana cin tuwo, bai ɗago ba. Ya ce, "Shina da guda."

Bai sake naɗa mini zare ba, bai kuma sake kiran sunana ba sai dai "kai". Na gama sakandare, na yi karatun koyarwa, aka tura ni Dogon Daji. Na yi aure, aka haifa mini ɗa namiji.

Yaron yana shekara shida na kai shi gaisuwar Sallah. Baba ya tsufa, amma zauren cike yake da baƙi. Muna zama ya fara ba su labarin Kebbe. Bai bar komai ba, har fitsarin, har yadda nake gudu, yana kwaikwayo da kafaɗu. Aka yi ta ƙyaƙyatawa. Ɗana ya dubi fuskokin mutane, shi ma ya yi dariya. Baba ya jawo shi, ya matsa damtsensa, ya juya tafin hannunsa.

"Wanga ba irinka ba ne," ya ce mini. "Ka bar min shi nan in gyara shi."

Na kama hannun yarona muka fita, ko abinci ba mu ci ba. Ban sake kai shi gidan ba.

Bayan shekara uku ciwo ya kwantar da Baba. Sau uku yana aiko ƙanwata cewa yana son ganin jikansa. A na ukun na je ni kaɗai. Na same shi ya rame, ƙanwata ce ke ba shi kunu a baki. Ya leƙa bayana yana duban ƙofa.

"Ina yaron?"

"Shina makaranta," na ce.

Lokacin hutu ne, kuma ya sani, don ga ƴaƴan ƙanwata nan suna wasa a tsakar gida. Ya dube ni. Leɓensa ya motsa, na ga alamar roƙo zai yi, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Ban jira ba. Na ce Allah ya ƙara sauƙi, na sa takalmina.

Kwana tara bayan haka ya rasu. Mutane suka zo jana'iza daga garuruwan da ban taɓa zuwa ba. Ɗana yanzu ya kai sha biyar, kuma ana yawan gaya masa jikan wane ne shi. Kwanaki ya tambaye ni me ya sa ba a kai shi sun yi sallama da kakansa ba. Na ce masa hanya ce ba kyau a shekarar.