Waƙa Kafin Shiga Jirgin Sekove

Ƙauyenmu a tsibirin Kadavu ba shi da makaranta. Wadda yaranmu ke zuwa tana tsallaken ruwa, kuma tun kafin in fara koyarwa a cikinta, Sekove ne ke kai yara da jirginsa mai inji. Ni ma shi nake bi. Dogo ne, baƙi, bakinsa ba ya hutawa da mita, kullum cikin tsohon zane ɗaya mai warin fetur da kifi. Yara Kaka suke ce masa, har waɗanda ba su haɗa komai da shi ba.

Wata shekara mura mai zazzaɓi ta shiga makaranta, ta biyo yara gida a jirginsa, ta kwantar da rabin ƙauye. Matarsa Mereoni tana da ciwon ƙirji, ba ta tashi ba. Tun daga nan, da zarar an ce mura ta shigo, Sekove ba ya ɗaukar yaro sai ya tsaya a bakin ruwa ya rera baiti ɗaya na waƙar coci. Mai ɓoye tari ba ya kai ƙarshe. Iyaye sun yi ta dabara, a ɗirka wa yaro shayin ganyen lemo da citta, a ce ya yi shiru. A banza.

"Kai, wannan waƙa ce ko kukan zakara? Koma gida, uwarka ta ba ka romon kifi."

"Kaka, ƙaiƙayi ne kawai."

"To, je ka sosa shi a gado."

Ranar da ma'aikaciyar jinya ta zo da allurar rigakafi, shi ya fara miƙa hannu, yana zaginta ƙasa-ƙasa don yara su yi dariya su manta da tsoro. Ina son dattijon nan, ko da yake ni ma ya taɓa mayar da ni gida a gaban ɗalibaina.

Amma tsufa ya kama shi. Kwamitin makaranta ya daɗe yana so ya ba Waisake aikin, wani matashi mai sabon jirgi. Kunya ce ta hana su, don Sekove bai taɓa fashi ba. Kowa ya sani, shi ma ya sani: ranar da ya bar yara a bakin ruwa, ranar aikin ya bar hannunsa. Kuma ba shi da kowa a gida, yaran nan su ne hirarsa.

Bara, mura ta sake shigowa. Wata safiya ya zo a makare, idanunsa jajaye, gumi na bin wuyansa alhali iska na kaɗawa. Yara suka yi layi suna rerawa, yana gyaɗa kai daga nesa, ba ya ko mita. Da aka gama, Litiana, 'yar aji biyu mai bakin tsiya, ta ɗaga kai.

"Kaka, saura kai."

Na ce ta rufe mana baki. Ni dai so nake mu shiga mu tafi, don na san abin da zai biyo baya. Sekove ya dubi jirgin, ɗan wurin da za mu cunkushe gwiwa da gwiwa. Ya dubi ƙanen Litiana mai ciwon asma, wanda kullum a gefen ƙafarsa yake zama.

"Malama, aika a kira Waisake. Ki ce masa ya rage gudu a bakin dutse, ƙananan suna amai."

Ya ɗaure jirginsa, ya juya gida.

Ya yi jinya ya warke. Kwamiti suka kai masa gaisuwa da ɗaurin saiwar yaƙona, wadda muke jiƙawa a sha a taron girmamawa, suka yi godiya doguwa. Ba wanda ya ce masa ya dawo bakin aiki. Abin ya ci mini rai, har yau ban huce ba.

Na same shi a ƙofar gida yana ɓare rogo. Na ce ai da ya gwada waƙar, wataƙila da tarin bai zo ba.

Bai ɗago ba. "Da bai zo ba, Malama. Na iya riƙe shi har ƙarshen baiti, na gwada a gida. Shi ya sa ban rera ba."