Babbar 'ya a cikin tatsuniya

Shekarun da muke zaune a Gwagwalada, ni ke kai yara makaranta cikin gari kafin in wuce ma'aikata. Hanyar doguwa ce, ga cunkoson motoci, ga yara biyu a baya suna faɗa a kan taga. Sai na koma yi musu tatsuniya. Na san ba a yin ta da rana, amma wanda ya kafa wannan doka bai taɓa shiga gosulon Abuja ba.

Wadda suka fi so ita ce ta 'yan mata biyu da suka tarar da wata tsohuwa a bakin rafi, ta ce su cuɗa mata baya. Ƙaramar ta cuɗa, ta dawo gida da shanu da tufafi. Babbar ta yatsina fuska, ta dawo da kunamu. Ni auta ne a gidanmu, saboda haka nakan ba da labarin nan har da lumshe ido.

Wata safiya ina gamawa, ƙaramar 'yata tana tafi, sai na hango yayarta a madubi ta haɗe rai.

"Abba, me ya sa kullum babba ce muguwa?" in ji ta. "Ko ni ma haka kake gani na?"

Yarinyar nan ita ke ɗaura wa ƙanwarta takalmi kullum. Na laluba duk tatsuniyoyin da na sani, ban sami ko ɗaya da babba ta ci ba. Na gwada juya labarin, ƙaramar ta ce ƙarya nake yi, babbar kuma ta ce ba ta son tausayi.

Da dabara ta ƙare mini, sai na kira yayata a waya, wadda a bakinta na koyi tatsuniyoyin, na buɗe muryar wayar kowa ya ji. Bayan gaisuwa na ce, "Yaya, 'yarki ce ta kawo ƙara," na faɗa mata komai.

Ta yi dariya har da tari.

"Ke, saurara," ta ce wa yarinyar. "Wa kike zaton ke ba da tatsuniya a gida? Ai mu manya ne. Ubankin nan in ba auta ce ta ci ba, sai ya yi ta birgima yana kuka. Ni kuwa ga wanke-wanke yana jira na. Sai in bar masa shanun."

"To Gwaggo, ba ki jin haushi?"

"Haushin me? Ni na raba shanun."

Muka ci gaba da tafiya har muka wuce Lugbe. Can yarinyar ta gyara zama, ta jawo ƙanwarta jikinta.

"Abba, kai dai ka yi tuƙinka," ta ce. "Daga yau ni zan riƙa yi mata."