Mai Gidanmu na Catford da Tsibirinsa

A shekarun da fetur ya buɗe wa gwamnati hannu aka turo ni London karatu, na taho da matata da tsohon ciki. Mun sha yawon neman ɗaki, da an ga fatarmu sai a ce an kama. Wani tsohon Bature a unguwar Catford ne ya karɓe mu, ya ba mu hayar saman gidansa. Ya taɓa yin Di'o a Arewa, Hausarsa duk ta ba da umarni ce. Matata kullum sai ta kai masa kwanon abinci, yadda ake yi wa dattijon maƙwabci.

Abin da na tsana shi ne shayin ranar Lahadi. Zai baje mana hotunan wani tsibiri da ya mulka bayan ya bar ƙasarmu. Ɗan zirin ƙasa ne na murjani a tsakiyar teku, kamar awarwaro, ruwa ciki ruwa waje, ba tudu ko ɗaya, sai kwakwa. Wurin da za ka ƙure da keke kafin azahar, amma ya riƙa hura hanci kamar ya ci birni da yaƙi. Ni dai gyaɗa kai nake, don na san sanyin da ke waje.

Wata Lahadi ya ce, "Yanzu ba kowa a can."

Matata ta ajiye kofi. "Inna lillahi! Annoba ce, Baba? Allah ya ba ku haƙuri."

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Wace annoba? Ni na kwashe su. Soja ke son wurin. Jirgin dakon kwakwa ya ɗebe su, ko hayaniya ba a yi ba."

Ta ce, "Kaburburan iyayensu fa?"

"Ciyawa ta rufe."

Daga ranar kwano ya daina sauka. Na lallashe ta, na nuna mata cikinta, na nuna mata ƙanƙarar da ke bakin taga. Ta ce wallahi gara ta zuba wa kare. Da ya gaji da jira ya hawo ya tambaya, ta faɗa masa dalili ido da ido. Fuskarsa ta yi jawur. Ya ce mu bar masa gidansa kafin wata ya mutu.

Tsoro ya kama ni, na tashi zan bi shi in ba shi haƙuri. Ta riƙe mini riga.

"Zauna, Malam," ta ce. "Kada ka roƙe shi. Korar mutane ai sana'arsa ce."