Darakta, Kifin Bappa Sali

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Bappa Sali a Yolde Kohi, can Yola, ya san ba a gaishe shi sai an fara leƙa Darakta. Darakta kuwa kifi ne, giwan ruwa, wanda wani masunci ya ba shi tun bai wuce tafin hannu ba. Ni ɗan ƙanensa ne, na taɓa tambayarsa dalilin sunan. Ya ce, "Shekara talatin na yi a ofis, na san su. Ba aiki, sai ci, kuma kullum wuri ya yi masa kaɗan."

Haka kuwa aka yi. Daga baho aka mai da shi rabin duro, daga nan Bappa ya haƙa masa rami ya shafe da siminti. Da ya ga wutsiya ta fara gogar bango, sai ya sare mangwaron Inna Asta, matarsa, ya ƙara tsawon ramin.

Ta ce, "Malam, kifi ne fa."

Ya ce, "Ke kin taɓa gwada juyi a cikin baho?"

Sai shekarar da 'yan tada ƙayar baya suka ci Mubi, mutanen garin suka gudo Yola. Cikin kwana biyu dangin Inna suka cika gidan, wasu ƙafa a kumbure don tafiyar daji. Mata a kicin, maza a zaure, Darakta shi kaɗai ya riƙe rabin tsakar gida. Idon kowa na kan ramin. Ranar da tuwo ya kasa zagayawa, Buba, ƙanen Inna, ya ce, "Wannan zai ciyar da mu kwana uku."

Bappa ya ce, "Ya riga ka zuwa gidan nan, Buba. Kai da ka zo, wa ya ce a soya ka?"

Mako guda ba su gaisa ba.

Wata safiya Bappa ya dawo daga masallaci ya tarar da surukarsa, tsohuwa tukuf, tana barci a zaune jingine da buhun masara, don ba inda za ta miƙe ƙafa. Ya daɗe tsaye a kanta. Sai ya kira ni ya ce in zo da a-kori-kurata daga Jimeta.

Muka shimfiɗa tamfol a baya, muka cika ruwa. Mu huɗu muka ɗaga kifin da ƙyar, har da Buba, muka rufe, muka nufi kogin Binuwai. Lokacin kuwa bam na tashi a kasuwa da tasha, kaya a rufe ba abin wasa ba ne. A shingen sojoji aka tsayar da mu.

Wani soja ya ce, "Me ke baya?"

Kafin in buɗe baki Darakta ya daki ƙarfen motar, dum. Bindiga uku suka juyo. Aka ce mu fito mu durƙusa, hannu sama. Na durƙusa a kan kwalta, ina ta salati.

Bappa ya ce, "Darakta ne, ofisa. Ritaya za mu kai shi."

Na ce a raina shi ke nan, mun mutu. Sojan ya matsa a hankali, ya ɗaga tamfol da bakin bindiga, sai wutsiya ta watsa masa ruwa a fuska. Ya share ido ya ce, "Baba, a kan kifi ka kusa sa mu harbe ku?"

Bappa ya ce, "Ai ba ka tambayi ko wane iri ne Daraktan ba."

Wani daga baya ya fashe da dariya, sannan na samu numfashi.

A bakin kogi Bappa ya shiga ruwa har ƙugu, ya sake shi. Muka dawo gida. Washegari ya cike ramin, shi da Buba suka fara buga bulo. Ɗaki biyu suka fito a wurin, tsohuwar ce ta fara kwana a ciki.

Bara Bappa ya rasu. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa tsoron da ya ba mu, ya yalwata masa kabarinsa.