Ƙirjin Ɗan Fari

Duk matar da ta zauna da ni a Sharaɗa ta san ni da abu guda, ba a taɓa kama ni da rashin kunya ba. Ɗan farina tun ranar da aka yaye shi uwar mijina ta goya shi ta tafi da shi, zana ce kawai tsakanin gidanta da namu. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. In magana ta kama sai in ce ɗan gidan tsohuwa. Shi kuma Yaya yake ce min, yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Haka aka yi min tarbiyya, kuma na riƙe ta har na fi waɗanda suka koya min. Yarinya ta kuskura ta yi wa ɗan farinta wasa a gaban mutane, to ranar sai ta ji bakina, ko 'yar wace ce.

'Yan shekaru bayan canjin kuɗi gonakinmu suka zama kamfanoni. Maigidana ya rasu, tsohuwa ta bi bayansa, ni kuma na kafa tukunyar ɗanwake a bakin ƙofar wata masaƙa. A masaƙar nan ɗan gidan tsohuwa ya sami aiki, a ɗakin da ake kwance dilolin auduga inji yana sheƙe ta. In jiniyar rana ta yi sai ya fito kansa fari fat kamar tsoho, ya wuce ta gabana ya je wurin wata 'yar Filato mai shinkafa ya ci abincinsa. Ni ban kalle shi ba, shi bai kalle ni ba. Rabin masu cin ɗanwakena ba su san akwai abin da ya haɗa mu ba.

Wata shekara likitoci suka zo daga babban asibiti, aka ba su ɗakin shan magani na kamfani. Aka ce ba allura suka zo yi ba, bincike ne, suna son su gane ko ƙurar auduga ce take cin ƙirjin ma'aikata. Mutum zai hura iska cikin wata roba da safe kafin ya shiga aiki, ya sake hurawa in an tashi. Leburori suka mayar da abin wasa, wannan ya ce ya kusa fasa injin, wancan ya ce masa ai kai ko wutar shayi ba ka iya hurawa. Babban likitan Ba'indiye ne, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Mai yi masa tafinta wata nas ce 'yar kudancin Zariya, Kirista, mai faɗin fuska da son yaji. Sista muke ce mata. Kullum a wurina take cin abincin rana.

Ranar wata Alhamis ta cinye ta ajiye kwano, amma ba ta tashi ba. Ta bari mutane suka ragu, sannan ta matso ta ambaci sunan ɗan gidan tsohuwa, ta ce, “Mama, an ce ke kika haife shi.”

Na ci gaba da jefa ƙulli a tukunya. Na ce, “Haka mutane suke faɗa.”

Ta yi dariya ta ce, “Mutane suke faɗa? Ke ba kya nan ranar?”

Na ce, “Sista, in ƙari kike so miƙo kwano.”

Sai ta daina dariyar. Ta ce hurawarsa ba ta yi kyau ba, ƙirjinsa yana kuka. Likita ya tambaye shi ko tun yana yaro yake haka, ya ce shi dai ya tuna kakarsa tana ɗura masa jiƙo saboda tari, iyakar saninsa ke nan. Ta ce in ciwon tun na yarinta ne, likita zai cire shi daga cikin waɗanda yake bincike a kansu, kuma manaja yana iya cewa dama da ciwonsa ya zo, a sallame shi. In kuwa a ɗakin auduga ya same shi, likita zai yi magana a canza masa wuri. Ta ce, “An tambaye shi wa ya san yarintarsa, ya ce duk sun mutu. Mai shinkafa ce ta tsegunta min ke.”

Duk sun mutu. Maganar nan ta soke ni, alhali ni na koya masa ita. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, “Tsohuwa ce ta raine shi, ni ban san komai nasa ba.”

Ta tashi ta karkaɗe farar rigarta. Ta ce, “To shi ke nan. Ran Litinin likita zai gama da 'yan ɗakinsu. Matarsa tana da ciki, na ji an ce.”

Litinin ta zo. Da jiniyar rana ta yi, ina zuba wa wani direba mai, sai na ji tarin nan daga bayan katanga. Ko cikin tarin mutum ɗari zan ware shi. Na saci kallo, na gan shi ya dafa bango ya sunkuya, yana jan numfashi kamar mai hawan dutse da kaya. Bai ma ƙarasa wurin mai shinkafa ba, ya juya ya koma ciki. Na rufe tukunya, na ce da maƙwabciyata mai fura ta duba min, zan je kama ruwa. Na ja mayafi na shiga ƙofar da na shekara da shekaru ina zaune a bakinta ban taɓa tsallakawa ba.

Ɗakin ƙarami ne, an raba shi da katako, katakon ma bai kai rufi ba. A waje ma'aikata suna zaune kan benci suna jiran layi, yawancinsu masu cin ɗanwakena. Sista ta gan ni, ta kama hannuna ta shigar da ni. Ina ɗaga ido sai ga ɗan gidan tsohuwa zaune a kan gado ba riga, likita ya ɗora masa abin sauraren ƙirji a baya. Rabon da in ga jikinsa haka tun yana yawo da bante. Haƙarƙarinsa duk sun fito. Ya zabura zai ɗauki riga, likita ya dafa shi. Ni kuwa na juya kujerar da aka ba ni ta fuskanci bango, na zauna.

Likita ya yi magana, Sista ta ce, “Ya ce mene ne sunan ɗanki, don a tabbatar shi ne.”

Na ƙura wa bango ido. Ta faɗi sunan da kanta, na gyaɗa kai.

“Ya ce da kika haife shi ya yi kuka nan da nan?”

Na ce, “Ban sani ba.”

“Ya kama nono da kyau? Yana sarƙewa?”

Nono, a gaban namiji baƙo, a gaban shi kansa mai shan nonon da gemunsa. Na ƙara jan mayafi. Na ce, “Ban sani ba.”

Likita bai yi fushi ba. Na ji ya faɗi wata gajeriyar magana a hankali, na ji ƙarar rufe biro. Sista ta sunkuyo ta ce, “Ya ce kada a takura miki, ya gode da kika zo.” A bayana kuma tarin ya sake tasowa, mai shi yana ta danne shi don kada in ji.

Ban san lokacin da na buɗe baki ba. Da bango na yi maganar. Na ce ya yi kuka, kukan da har maƙwabta suka san namiji ne. Na ce nono kuwa sai da na tsani kaina, ba ya saki sai an ɓamɓare shi. Tarin da yake tunawa tarin shiƙa ne, ya shigo garin bayan ƙyanda a shekarar da ya fara famfara, babu gidan da bai shiga ba, har ya ɗauke yara biyu a layinmu. Damina guda ya yi masa ya tafi, bai sake dawowa ba. Bayan nan yaron nan shi ne mai tsere da jakai, shi ne mai kokawa a dandali bayan girbi, shi yake ɗauko damin dawa daga gona har gida bai sauke ba. Sanyin hunturu bai taɓa sa shi haki ba, hayaƙin murhu bai taɓa sa shi ba. Na ce kukan ƙirjin nan bai kai shekara uku ba, kuma ya fi tsanani ranar da aka dawo daga hutu, zuwa ƙarshen mako sai ya lafa.

Sista tana juya wa likita maganata da Turanci, biro yana gudu. Na ɗauka an gama. Sai likita ya sake tambaya, Sista ta faɗa min.

“Ya ce kada ki ji haushi, aikinsa ne ya tabbatar. Ɗanki ya ce ba a hannunki ya tashi ba, kuma yanzu ma ba gida ɗaya kuke ba. Ya ce ta yaya kika san duk wannan?”

Gaskiya ya tambaya, da ni ce shi ma sai na tambaya. Amma da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Na ce wutar gidana ba ta taɓa mutuwa ba, amma kullum sai na je gidan tsohuwa ɗiban garwashi, don in wuce ta inda yake kwance in ji numfashinsa. Na ce akwai wata ɓula a jikin zanar nan, ni na yi ta da tsinke, kuma duk shekara in an sake zana sai na sake ta. Jiƙon da tsohuwa take ɗura masa ni nake zuwa jeji in saro, in ajiye mata a bakin ƙofa. Na ce tukunyar ɗanwake ma da a Bompai aka yi min tayin wuri, inda ya fi ciniki, na ƙi, na zo nan na kafa a watan da aka ɗauke shi aiki.

Ɗakin ya yi tsit. A bayan katako ma surutun 'yan benci ya ɗauke, a nan na gane duk sun ji. Sista ta fassara wa likita, muryarta ta canza. Ban waiwaya na ga fuskar kowa ba. Na tashi na lalubi ƙofa, na bi ta tsakiyar mutanen nan mayafi a fuska, na ji wani dattijo a cikinsu yana cewa, “Sannu Inna.”

Kafin la'asar labari ya zagaye bakin ƙofa. Mai fura ta fara. Ta ce, “Ashe kama ruwan naki har da likita a ciki.” Wata yarinya mai gyaɗa, wadda na taɓa wanke ta tas don ta kira sunan ɗan farinta a gidan biki, ta zo ta tsaya da tallanta ta ce, “Inna, a ara min tsinken nan mana, zanarmu ba ta da ɓula.” Aka kwashe da dariya. Ni da bakina ba ya kwana da bashi, ranar ko tari ban yi ba. Kwanaki na yi ban fito ba, na ce zazzaɓi ne. Har yau in na tuna yarinyar nan da farantin gyaɗarta sai in ji fuskata ta yi nauyi.

Likitocin suka gama suka tafi. Abin da suka gano a ƙirjin sauran mutane, ni ba wanda ya zo ya faɗa min. Shi dai ba a sallame shi ba, an mayar da shi sito inda ake loda bandir a mota. Tarin ya ragu, bai rabu da shi duka ba, da shi ya tsufa.

Bayan na koma bakin tukunyata, wata rana jiniya ta yi, ina tsame ɗanwake sai na ga ƙafafu sun tsaya a gabana. Na san ƙafafun. Kansa baƙi, ba auduga. Mai shinkafa tana can tana leƙe, mai fura ta bar damu ta zuba ido.

Ya miƙo kwano ya ce, “Yaya, a zuba min.”

Na karɓa ina kallon titi. Na zuba, na kwarara mai, na kai hannu kan yaji sai na fasa. Ya tsaya yana jira. Na juya wajen mai fura na ce, “Ke, faɗa wa ɗan gidan tsohuwa mai tari ba ya cin yaji.”

Ta ce, “Ga shi a gabanki, faɗa masa da kanki.”

Ban faɗa ba. Ya ɗauki kwanonsa ya zauna a ƙarshen bencina, can nesa da ni, ya ci ba yaji.