Gawayin ɓawon gyaɗa a tsakar gidana

Shekarar da ɗiyata ta gama karatun lakwal a Maradi ta dawo Maijirgi, na zaci aikin biro, wato na ofis, za ta nema. Sai ta ce gawayi za ta yi, wai da ɓawon gyaɗa da karan gero, don a rage saran itatuwa.

Tsakar gidana ta koma wurin aikinta. Amalanke ya riƙa sauke buhunan ɓawo a ƙofa, ta ƙona a gangar ƙarfe, ta daka, ta kwaɓa da kunun rogo, ta dunƙula. Inda nake shanya kuɓewa nan ta baza su. Ranar da na iske turmin furata ya yi baƙi ƙirin, haƙurina ya ƙare.

"Ke! Duk shekarun lakwal ɗin nan, ƙarshensu ki ɓata mini turmi?"

"Inna, yi haƙuri, ki gwada sau ɗaya kawai."

Na ƙi. Wata biyu ina girki da icce don haushi, har ranar da ruwa ya jiƙa mini iccen, ga baƙi zaune. Na ɗebi gawayinta na hura. Wuta ta kama, ba hayaƙi, wake ya nuna da wuri.

Yanzu mata har daga Tasawa suke zuwa saye, suna sallama tun ban gama shara ba. Na ce ta nemi fili a bayan gari. Ta ce to, bayan kaka. Kaka biyu ke nan.