Ranar da na yi rarrafe a ɗakin haya

Shekarun baya can, lokacin muna haya a Gummi, babu abin da ke hana ni sakewa kamar abin da ɗiyata za ta tsinta a ƙasa ta kai baki. Ita ce ta fari, ni kuma yarinya ce, karatuna bai wuce aji huɗu ba, komai na reno da tsoro na koye shi. In ta yi shiru kaɗan sai in saki muciya in zo in buɗe mata baki in leƙa. Matan gidan har dariya suke yi mini, wai wata rana sai na kirga mata hanji.

Maigidana shinkafa yake saye a fadama ya kai kasuwa, buhunan kuma a ɗakinmu suke kwana. Inda shinkafa take kuwa ɓeraye ba sa neman izini. Wata safiya na tashi na ga ɗan yatsan ƙafar yarinyar da jini, ɓera ya gwaguya. Ranar kasuwa na sayo maganin ɓeran nan da ake ce wa shinkafar ɓera, na daka ƙuli-ƙuli na gauraya, na zuba a gindin gwangwanayen madara da na yanke, na tura cikin ramukan da ke gindin bango. Wuri shida na sa. Kowane rami na tare shi da abu mai nauyi, wani gado, wani akwati, wani buhu, yadda hannun yaro ba zai kai ba. Ban gaya wa kowa ba, har maigidana, don na san faɗa zai yi. Ɓeraye suka yi sauƙi, kwanaki suka ja, ni ma na daina tuna zancen.

Bayan shekara biyu mahaifin maigidana ya tsufa, aka ce ya dawo Bukkuyum ya riƙe gona. Inna, uwar mijina, ta zo ta taya ni haɗa kaya. Ranar tashi motar a-kori-kura ta iso da hantsi, maza suka fitar da gado da akwatuna da buhuna. Ina tsaye a tsakar gida da yarinya a goye sai maƙwabciyata ta ce mini ai mai gidan har ya ba da ɗakin, wani mai gyaran injin ban-ruwa ne da matarsa, da la'asar za su shigo.

Ta ce, "Na gan ta jiya ta zo dubawa. Har da ɗan yaronta, rarrafe yake kamar an murza shi."

Na juya na dubi ɗakin. Babu gado, babu akwati, babu buhu. Ramukan nan duk ga su a buɗe a gindin bango, daidai tsayin fuskar mai rarrafe.

Na ɗauki tsintsiya ke nan Inna ta daka mini tsawa. "Ke! Aje tsintsiyag ga. Gidanmu ba a shara ranat tahiya. So kike ki share muna arziki ki bar ma baƙi?"

Haka suke yi a danginsu tun kakanni: ranar da za a bar wuri ba a taɓa tsintsiya, sai wanda ya shigo ya share. Maigidana ya leƙo yana goge zufa, ya ce, "Ɗakin da munka iske da kashin awaki? Yadda munka same shi haka za mu bar shi. Hito mu tahi."

Direba kuma yana ta danna hon yana cewa hadari na haɗowa gabas, shi ba zai kwana a hanya ba.

Ni fa ban taɓa musa wa Inna magana ba. Ko ido ban iya haɗawa da ita. Amma ranar sai na ji bakina ya buɗe da kansa. Na ce, "Malam, akwai maganin ɓera cikin ramukan nan. Ni na sa. Da ƙuli-ƙuli."

Ya tsaya yana kallona. "Da ƙuli-ƙuli? Ke da ke buɗe bakin yarinya sau goma kahin azahar?"

Na ce ni ɗin.

Ya ce to a gaya wa mai gidan ya gaya musu, shi ke nan. Na ce mai gidan da ya yi shekara biyu yana cewa gobe zai gyara ƙyaure? Kuma ko ya faɗa, ina ya san inda suke? Na kwance yarinya na miƙa wa Inna, na ɗaura leda a hannu, na fara zura hannu rami bayan rami. Na bayan gado ya fito. Na bayan akwati ya fito. Biyu inda buhuna suke. Ɗaya kusa da inda nake ajiye kwanuka. Biyar ke nan. Na shida na tsaya ina juyi a tsakiyar ɗaki, wallahi ya ɓace mini fes, kamar ba ni na sa ba.

Maigidana ya ce, "Ɓera ya cinye shi tuntuni."

Na ce, "Har gwangwanin?"

Maƙwabciyata ta fashe da dariya, shi bai yi ba. Ya ce in na ga dama in hau mota, in ban ga dama ba direba ba bawana ba ne. Na ce masa ya tafi da kaya, gobe in bi motar kasuwa. Ban san inda na samo wannan ƙarfin halin ba. Abin da kawai nake gani a idona shi ne ɗan hannu yana shiga rami yana fitowa da abu mai ƙanshin gyaɗa.

Ya shiga gaban mota. Inna ta hau, ta zauna kan buhu, sai kuma ta sauko da ƙullin kayanta tana mita. "Ba don ke ni sauko ba, don jikata. Wa ka barin ƙaramar yarinya hannun mahaukaciya?"

Mota ta tafi. Na ɗauki tsintsiya. Inna ta juya mini baya, ta zauna a inuwar zaure tana jan carbi da ƙarfi don in ji. Na share ɗakin tun daga ƙurya har bakin ƙofa, na kakkaɓe yanar gizo-gizo, na hau turmi na shafa saman bango ko can na ajiye. Na samo allura biyu, da reza mai tsatsa, da wani ɗan kunnena da na yi wata uku ina zargin akuyar maƙwabta da haɗiye shi. Gwangwani dai babu. Na ɗebo ruwa na wanke daɓen da toka da sabulu, don ko garin maganin ya zuba wani wuri. Azahar ta yi, na yi salla, na dawo na tsaya. Babu.

Sai na tuna yadda ɗiyata take yi lokacin tana rarrafe. Ba tsakiyar ɗaki take bi ba, gefen bango take bi, kuma duk inda ya yi sanyi can take zuwa ta lafe. Na ɗaure zane da kyau, na durƙusa, na sa hannuwa a ƙasa, na sunkuyar da kai na fara bin bango da rarrafe. Inna ta leƙo ta ce, "Inna lillahi. Ta tabbata."

Daga ƙasa ɗakin daban yake. Abin da mai tsaye ba ya gani duk sai ya fito. Ina isa bayan ƙyaure, inda randar ruwa take zama, sai na ga wani ɗan rami da ƙasa ta rufe rabinsa, danshin randa ya sa bango ya zubo a kai. Na tona da tsinke. Ga gwangwanin, ya yi tsatsa, maganin na ciki ya dunƙule, ɓera ko taɓa shi bai yi ba.

Na miƙa wa Inna ta gani. Ta daɗe tana dubansa. Ba ta ce na yi daidai ba, ba a saba jin haka daga bakinta ba. Tashi kawai ta yi ta je bayan gida ta haƙo jar ƙasa, ta kwaɓa da ruwa da ƙaiƙayin shinkafa, ta ce, "Matsa, ke ba ki iya yaɓe ba." Ta bi ramukan nan ɗaya bayan ɗaya ta toshe, ni kuma na kai gwangwanayen na jefa a masai, na wanke hannu har sau uku.

Muna cikin haka sabuwar mai ɗakin ta yi sallama, da yaro a kafaɗa. Ta ga tsohuwa da laka har gwiwar hannu, ta ga ni gwiwoyina duk toka. Ta ce, "Baiwar Allah, ba an ce kun tashi ba?"

Kunya ta kama ni, amma na gaya mata komai, na nuna mata kowane wuri. Tana saurare ta sauke yaron don ta huta. Kafin mu rufe baki ya bi gefen bango fir, ya wuce bayan ƙyaure, ya dangwala yatsa a ɗanyar lakar da Inna ta shafa yanzu, ya kai baki. Uwar ta zabura. Inna ta ce, "Bar shi, ƙasa ce. Ƙasa ɗai ce."

Mun kwana wurin maƙwabciyata, washegari muka bi motar kasuwa. Maigidana ya yi kwana biyu yana amsa gaisuwata da kai. Yanzu shi ne ke ba baƙi labarin, yana ƙara gishiri, wai har haushi na yi kamar kare. Inna kuwa har ta rasu ba ta yarda a yi shara ranar tafiya ba, kuma ba ta taɓa tayar da zancen tawa sharar ba.

Na sha jin ana gardama, wasu su ce ka bar ɗakin haya yadda ka same shi, wasu su ce ai mai gida zai gyara. Ni ban san dokar haya ba. Na dai san akwai abubuwan da wanda ya zauna a ɗaki ne kaɗai ya san inda ya cusa su, in ya fita da bakinsa a rufe babu mai sani sai yaro ya gano. Har yau wani lokaci nakan tambayi kaina ko shida ne da gaske, ko bakwai.

Don Allah, duk wadda za ta tashi daga gidan haya, bayan an fitar da kaya kada ki yi saurin miƙa makulli. Ki durƙusa ki bi gindin bango da idonki, ki cire duk abin da kika san ke kika sa, sannan ki tafi.